Nazarin Wani Aji a Kano: Yadda Yara Suka Fahimci Dalilin Tsayawar Abu Mai Tafiya

Ajin da wannan rubutu ya shafa ajin farko ne na ƙaramar sakandare a wata makarantar unguwa da ke bayan birnin Kano, inda nake koyar da kimiyya. Ɗaliban maza da mata ne, 'yan shekara 12 zuwa 13, kuma makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, don haka duk abin da za a nuna wa yara sai malami ya zo da shi daga gida ko ya aro a maƙwabta. Manhajar wannan mataki ta tanadi darasi a kan ƙarfi, wato turi da ja, da kuma gogayya tsakanin abubuwa, amma dokokin motsi guda uku na Isaac Newton sai a babbar sakandare ake shiga cikinsu sosai. Na yanke shawarar in fara dasa ma'anarsu tun yanzu, saboda na sha ganin ɗaliban manyan azuzuwa suna kawo dokar farko da ka babu tuntuɓe, amma da zarar an tambaye su abin da ya sa ƙwallo ke tsayawa a fili, sai amsarsu ta saɓa wa abin da suka haddace.

A ranar farko ban karanta musu wata doka ba. Na ɗora littafi a kan tebur, na tura shi, ya ɗan ja jiki ya tsaya, sannan na ce kowa ya rubuta dalilin tsayawarsa a takarda. Kusan duka ajin sun rubuta abu guda, wanda wani yaro ya faɗa a fili da cewa: "Malam, ai ƙarfin da ka ba shi ne ya ƙare." Na cilla alli sama na cafe, na tambaye su abin da ke tura shi bayan ya bar hannuna, sai suka ce ƙarfin hannun ne ya shiga cikinsa yana raguwa a hankali, idan ya ƙare sai allin ya faɗo.

Ban ɗauki wannan amsa a matsayin rashin fahimta ba, domin yaran sun gina ta ne a kan abin da idonsu ya gani tun suna rarrafe. Wanda ya tura baro ya san cewa da ya saki hannu baron zai tsaya, kuma amalanke ba ta tafiya idan shanu suka ja birki. Manyan masana ma sun daɗe a wannan matsayi. Aristotal, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa abin da aka motsa da ƙarfi yana bukatar mai tura shi a kowane lokaci. A ƙarni na 6, wani malami na Iskandariya mai suna Filoponus, wanda Larabawa ke kira Yahaya an-Nahwi, ya ce mai jifa yana zuba wani ƙarfi a cikin dutsen wanda ke ƙarewa da kansa, kuma wannan ita ce amsar ɗalibaina kusan kalma da kalma. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya matsa gaba a littafinsa Ash-Shifa, inda ya ce abin da dutsen ya samu ba ya mutuwa don kansa, iska da sauran abubuwan da ke tare hanya ne ke cinye shi. Sai a 1687 Newton ya rubuta dokar farko a siffar da ake karantawa yau, bayan aikin Galileo da Dekart: abin da ke zaune zai ci gaba da zama, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya masa hali. Abin da ya ɗauki masana kusan shekara 2,000 bai kamata a sa ran yaro zai haɗiye shi a minti 40 ba.

Kuskure na farko a wannan aiki nawa ne, kuma a wajen zaɓen kalma na yi shi. Littafin aji yana amfani da kalmar Turanci, inashiya, wato halin abu na ci gaba da zama ko tafiya, wadda ba ta nufin komai a kunnen yaran, sai na nemo mata ta Hausa na ce "turjiya", ina kawo misali da jakin da ya kafe ƙafa ya ƙi tafiya. Kalmar ta shiga nan take. Na ɗora kati a bakin kofi, na ɗora murfin kwalba a kan katin, na ɗalle katin da yatsa ya fice, murfin ya faɗa cikin kofin. Yaran da kansu suka kawo misalin kaɗe tabarma da dukan katifa da sanda, inda katifar ke gusawa ta bar ƙurar a inda take. Na fita daga ajin ina jin cewa darasi ya zauna.

Da muka haɗu a mako na biyu na sake tura littafin, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce yanzu ta gane, turjiya ce ta tsayar da shi, domin kowane abu yana son ya huta. Ajin ya amince da ita baki ɗaya. A nan na ga cewa kalmar da na zaɓa ta ɗauki rabin dokar ne kawai, rabin da yara ba su taɓa musantawa ba, ta kuma ƙarfafa musu kuskuren da nake son cirewa. Wannan tarko ba sabo ba ne, domin asalin kalmar inashiya a Latin yana nufin kasala, kuma masanin taurari Kepler, wanda ya shigar da ita cikin nazarin motsi, ya yi amfani da ita ne da ma'anar cewa abubuwa suna karkata ga tsayawa. Na gaya wa yaran a fili cewa kalmar da na ba su ba ta isa ba, muka maye gurbinta da "naci". Mai naci shi ne wanda ba ya barin abin da yake kai, ko zama ne ko tafiya, sai an tilasta masa. Kalmar tana da nata rauni, tun da abu marar rai ba shi da niyya, kuma na riƙa tuna musu da haka, amma aƙalla tana fuskantar ɓangarorin biyu.

Sauya kalma bai isa ya sauya tunani ba, don haka na ba da darussa biyu cur ga gwaji guda. Na karɓo ƙwallon boris a wajen wani bakanike, na samo guntun katako mai kwari a tsakiya, na jingina shi a kan bulo ɗaya, na sa alama da alli a inda za a riƙa sakin ƙwallon, domin kowane saki ya zama daidai da na baya. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan gwajin, kuma na sa yaran sun maimaita shi da bakinsu: tun da daga wuri ɗaya ake saki, "ƙarfin" da suke cewa ƙwallon ya ɗauko iri ɗaya ne a kowane karo. Kafin kowane saki, kowace tawaga sai ta ajiye ɗan dutse a inda take zaton ƙwallon zai tsaya.

Mun fara da yashi da aka baza a ƙasa, ƙwallon ya nutse ya tsaya a gindin katakon. A kan tabarma ya ɗan gangara yana tsalle a kan saƙar kafin ya tsaya. A kan simintin aji ya wuce duwatsun da yaran suka ajiye gaba ɗaya, ya shige ƙarƙashin bencin baya. Daga nan muka fita barandar ofis inda aka shimfiɗa tayil, na sa aka share ta tas, kuma da aka saki ƙwallon sai ya tafi shiru ba ƙara, yara suna binsa a sunkuye, har ya bugi bangon ƙarshe bai nuna alamar gajiya ba. Na tsaya a nan na tambaye su: idan ƙarfin da ke cikin ƙwallon ne ke ƙarewa, kuma ƙarfi ɗaya ya ɗauko, me ya sa ya ƙare da wuri a kan yashi amma ya daɗe a kan tayil? Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, kuma da gangan ban cike shirun ba. Yaron nan da ya fara cewa ƙarfi ya ƙare shi ne ya ce a hankali, kamar yana magana da kansa, ashe ƙasar ce ke riƙe shi.

Daga wannan magana sauran hanyar ta zo da sauƙi. Na tambaye su abin da zai faru a kan daɓen da ya fi tayil santsi, suka ce zai fi nisa. Na ce to idan babu gogayya ko kaɗan, babu iska, babu bango fa? Wasu suka ce ba zai tsaya ba, wasu kuma suka ƙi yarda, suna cewa babu abin da ke tafiya har abada. Irin wannan tunani ne Galileo ya bi a littafinsa na 1632: ƙwallo yana ƙara gudu a gangare, yana rage gudu a hawa, don haka a shimfiɗaɗɗen wuri marar cikas ba shi da dalilin yin ko ɗaya. Ga masu shakka na kawo labarin kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba ranar 5 ga Satumba, 1977. Ya yi nisan da ya haura kilomita biliyan 20 daga duniya, yana tafiya da gudun kimanin kilomita 17 a kowace daƙiƙa, alhali babu injin da ke tura shi gaba. Wani yaro ya tambayi inda yake shan mai, kuma amsar ita ce tafiyar tasa ba ta bukatar mai, tun da babu abin da ke goga masa, in ban da jan rana da ke ɗan rage masa gudu kaɗan.

Gwajin ƙwai ya ɗauki minti biyar kawai amma ya yi tasiri. Idan aka juya ɗanyen ƙwai a kan faranti, aka taɓa shi da yatsa ya tsaya sannan aka ɗauke yatsan da sauri, sai ya ci gaba da juyawa, domin ɓawon kaɗai aka tsayar, ruwan ciki yana nan a kan nacinsa. Dafaffen ƙwai kuwa da an tsayar da shi ya tsaya ke nan.

Akwai wani ɓangare na dokar farko da malamai kan tsallake, wato cewa tafiyar a miƙe take. Yaran da suka taɓa korar tsuntsaye a gona sun san majajjawa, sai na zana da'ira a allo na tambayi hanyar da dutse zai bi idan aka saki igiya. Da yawa sun zana layi mai lanƙwasa, suna ganin dutsen ya saba da zagaye. Ba su kaɗai ba ne a wannan zato, domin a 1980 Michael McCloskey da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins sun yi wa ɗaliban jami'a irin wannan tambaya, kuma da dama daga cikinsu, har da waɗanda suka karanta fiziks, sun zana layi mai lanƙwasa. Don kada a jefi kowa, na yanko bakin tsohon bokitin roba ya zama zobe, na cire masa wani yanki, na kwantar da shi a ƙasa na barbaɗa garin alli a kewayensa. Da aka gangara boris a jikin zoben ta ciki, ya zagaya, ya iso inda aka yanke, sai ya fita ya bar sawu a cikin allin miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula. Yaran sun nemi a maimaita sau da yawa, wasu suna zargin cewa hannuna ne.

Doka ta biyu mai kurar ruwa ne ya koyar da ita fiye da ni. Na roƙi wani ɗan garuwa da ke kawo wa makarantar ruwa ya tsaya mana na ɗan lokaci, kurarsa ɗauke da jarka 10 masu cin lita 25 kowace. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka yaran suka lissafa kilo 250 ban da nauyin kurar. Yaro ɗaya ya tura ta da kaya, da ƙyar ta motsa; yara uku suka tura, ta ɗauki gudu da wuri; aka sauke jarkokin, yaro ɗaya ya tura ta ta zabura. Ma'anar dokar ke nan ba tare da alamomin lissafi ba: yawan ƙarfi yana ƙara saurin sauyin gudu, yawan kaya kuma yana rage shi. Na ce wa mai kurar: "Malam, don Allah gaya wa yaran nan abin da ya fi ba ka wahala a aikin nan." Ya ce tayar da kura da wuya, amma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne tsayar da ita idan ƙaramin yaro ya gifta gabansa, domin sai ya kafe dugadugansa ya koma baya da dukan jikinsa, kuma duk da haka takan ja shi. Ban taɓa samun bayanin nacin abu mai tafiya da ya kai wannan ba.

A nan wata matsalar harshe ta sake ɓullowa, wadda na zaɓi in taɓa ta sama-sama. Kalmar "nauyi" a Hausa tana ɗauke da abu biyu da kimiyya ta raba: jan da ƙasa ke yi wa abu, da kuma yawan abin da ke cikin jikinsa. Na dai gaya musu cewa a duniyar wata ɗaga jarka zai yi sauƙi, tun da jan da ke can kusan kashi ɗaya cikin shida ne na nan, amma tsayar da kura mai gudu zai yi wuya kamar yadda yake a Kano. Doka ta uku ma, wadda ke cewa idan abu ya turi wani shi ma wancan yana mayar masa da turi daidai, a gurguje muka bi ta, da balan-balan da aka hura aka saka, da misalin mai kwale-kwale da ke tura gaɓa da gora jirgin ya ja baya, da bindigar maharbi da ke naushin kafaɗa idan ta tashi.

Darasin ƙarshe na mayar da shi kan titi, domin a nan ne wannan ilimi ke shafar rai. Duk yaran sun san yadda fasinja ke zubewa gaba idan adaidaita sahu ya taka birki, kuma a da suna cewa birkin ne ke tura mutum. Yanzu da kansu suka gyara: keken ne aka tsayar, jikin fasinja kuwa ba a tsayar da shi ba. Na yi musu lissafi guda a allo. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Idan ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, uwar da ke rungume da yaro mai kilo 10 tana bukatar ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 170 kafin ta iya riƙe shi, wato fiye da buhun shinkafa uku masu kilo 50. Babu hannun da zai iya wannan, komai son da uwa ke yi wa ɗanta. Na bayyana musu cewa wannan ne aikin bel ɗin kujera, wanda kamfanin Volvo ya fito da samfurinsa mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a Nijeriya a 2003. Ajin bai yi hayaniya a wannan rana ba, domin akwai waɗanda haɗarin mota ya taɓa gidajensu.

Bayan an dawo daga hutu na sake gwada su ba tare da sanarwa ba, da tambayoyi iri ɗaya amma cikin wata riga. Sakamakon ya kasu. A kan ƙwallon da ke gangarawa a fili, mafi yawansu sun ambaci gogayya da ciyawa da iska, kuma a kan majajjawa sun zana layi miƙaƙƙe. Amma a kan dutsen da aka cilla sama, kusan rabin ajin sun koma ga tsohuwar magana cewa ƙarfin hannu yana cikinsa. Da na tambayi wanda ya fi dukan wani idan tirela ta yi karo da adaidaita sahu, kusan kowa ya ce tirela, alhali doka ta uku ta nuna cewa ƙarfin da kowanne ya yi wa ɗayan daidai yake, illa dai ƙaramin ne ke shan mummunan sauyin gudu. A ganina dalilin a fili yake: abin da suka yi hasashe a kansa, suka ajiye dutse, suka ga hasashensu ya rushe, shi ne ya zauna, abin da na faɗa musu da baki a gurguje kuwa hutu ya tafi da shi. Haka David Hestenes da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Arizona suka samu da gwajin fahimtar ƙarfi da suka wallafa a 1992, inda ya bayyana cewa ɗalibi na iya cin jarrabawar lissafi alhali tsohon tunaninsa game da motsi yana nan daram. Don haka a zango mai zuwa doka ta uku za ta samu darussa biyu nata na kanta, da sikelin rataya guda biyu da za a ƙulla a ja, yara su karanta lambobin da idonsu.

A ranar da na mayar musu da takardunsu, yarinyar nan da ta ce kowane abu yana son hutawa ta kawo tambayar da ban shirya mata ba. Ta ce an koya musu cewa duniya tana juyawa, to me ya sa idan ta yi tsalle take dirowa a inda ta tashi, ƙasa ba ta gudu ta bar ta ba? Na gaya mata cewa a daidai Kano ƙasa tana tafiya gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, kuma Galileo ya amsa irin wannan tambaya da misalin dutsen da aka saki daga saman jirgin ruwa mai tafiya. Sauran amsar ban ba ta ba. Na ce duk wanda ya shiga mota a ƙarshen mako ya cilla ƙwayar gyaɗa sama a lokacin da motar ke tafiya sumul a miƙe, sannan ya sake cillawa a lokacin da direba ke taka birki. Ranar Litinin ta zo da rahotonta a rubuce: a karo na farko gyaɗar ta dawo tafin hannunta, a karo na biyu kuma ta faɗa kan kujerar gaba, kuma a ƙasan takardar ta rubuta cewa gyaɗar tana tafiya tare da motar tun kafin a cilla ta, birkin kuma motar kaɗai ya kama.